An ce ba kansa ba ce, amma maganin kansa za a ba shi: muhawara kan ciwon ƙoda da baƙon furotin a jini

Ummu Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka mana da bayani, kanmu ya ɗaure a gida. Babanmu ne, ya haura sittin. Ƙafafunsa suna kumbura, fitsarinsa kuma yana kumfa, irin kumfar da ba ta saurin kwanciya. Ba shi da ciwon suga. An yi gwaji an ce furotin yana zuba a fitsarinsa sosai, sannan an ga wani furotin a jininsa wanda bai kamata a ce yana nan ba. Likitan jini ya ɗebi ɓargo ya duba, ya ce ƙwayoyin da ke yin furotin ɗin kashi 6 cikin 100 ne, saboda haka ba kansa ba ce. Muka yi hamdala. Sai ga likitan ƙoda ya ce yana so a ciro ɗan tsokar ƙoda da allura a duba, kuma idan abin da yake zargi ne, maganin masu kansar ɓargo za a ɗora shi a kai. Yayanmu ya ce shi bai yarda ba. Wai ta yaya abu zai zama ba kansa ba, amma maganinsa na kansa?

Maman Tagwaye:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ina nan tafe da magana, bari masana su fara.

Baban Amira:
Allah ya ba shi lafiya. Ni dai ina bayan Yayanku. Surukina yana da irin wannan furotin a jini, MGUS suke ce masa, shekara da shekaru ke nan, ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa ba shi ba. Duk shekara a auna jini a ce ya tafi gida. Likitansa da bakinsa ya ce ba a yi wa wannan abu magani, kallonsa ake yi. To don me za a soki ƙodar dattijo, sannan a ɗura masa maganin da ke kayar da matashi ma? Ku nemi wani likitan ku ji ta bakinsa.

Likitan Ƙoda:
Wa alaikumus salam, Ummu Hafsa. Allah ya ba Baba lafiya. Ba zan iya faɗa miki ciwon da ke damunsa daga nan ba, wanda ya duba shi ya fi ni sanin halinsa. Amma likitocin nan biyu ba saɓani suka yi ba. Kowa ya amsa tambayar da ke gabansa ne.

A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin da ake kira ƙwayoyin filasma. Aikinsu ƙera furotin na garkuwar jiki, wanda ke kama ƙwayoyin cuta. A jikin mai lafiya iri-iri ne ba adadi, kowace da samfurin da take fitarwa. Wani lokaci ƙwaya ɗaya takan kama hayayyafa, ita da zuriyarta duka su riƙa fitar da samfuri ɗaya tak wanda ba shi da amfani. Shi aka gani a jinin Baba. Idan waɗannan ƙwayoyi suka kai kashi 10 cikin 100 na ɓargo, suka fara cin ƙashi, ko suka jawo ƙarancin jini, ko kalsiyam ya hau, to an shiga kansar da ake kira mayeloma. Likitan jini ya ƙirga, ya ga 6, ya ce ba a kai nan ba. Gaskiya ya faɗa.

Shi kuwa likitan ƙoda ba yawan ƙwayoyin ne ya dame shi ba, halin furotin ɗin ne. Ƙodoji biyu suna tace ruwan jini kusan lita 180 a rana, kowace ƙoda da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, masu aiki kamar rariya. Duk abin da ke yawo a jini sai ya bi ta nan, ya sake bi, dare da rana. Idan furotin ɗin mai maƙalewa ne, ko kaɗan ne yakan taru a jikin matatan ya lalata su, su fara zubar da albumin, wato furotin mai amfani na jini, wanda ya kamata su riƙe. Daga nan kumfar fitsari take, daga nan kumburin ƙafa yake. Wannan hali shi ake kira MGRS. Ƙwayoyin ba su kai a kira su kansa ba, amma abin da suke fitarwa yana kashe ƙoda, kuma babu yadda za a tsayar da shi sai an taɓa masu yin sa. Magungunan da ke taɓa ƙwayoyin filasma kuwa su ne dai na mayeloma.

Baban Amira:
Likita, Allah ya ƙara sani. Amma ku kullum sai kun fito da sabon suna. Jiya MGUS, yau MGRS. Harafi ɗaya ne fa bambancin, amma ɗaya a ce je ka gida, ɗaya a ce zo a yi maka kemo.

Likitan Ƙoda:
Malam, harafin nan ɗaya ƙodojin mutane da yawa ya ci kafin a samo shi. Sunan MGUS wani likita ne a asibitin Mayo na Amurka, Robert Kyle, ya sa shi a 1978, bayan ya daɗe yana bin mutanen da ke da furotin ɗin ba tare da ciwo ba. An gano cewa kusan mutum 1 cikin 100 ne a kowace shekara yake rikiɗewa ya koma mayeloma ko danginta. Sauran suna rayuwarsu lafiya, shi ya sa aka kafa doka cewa kallo ake yi, ba magani. Dokar daidai ce ga surukinka. Inda aka samu matsala shi ne an riƙa ɗora ta har a kan waɗanda ƙodarsu ke lalacewa. Likitan jini ya ce ba kansa ba ce, ba ruwana. Likitan ƙoda ya ce ni ba ni da ikon rubuta maganin kansa. Mara lafiya ya tsaya a tsakiya har ya kai ga wankin ƙoda. A 2012 ne wata ƙungiyar likitocin ƙoda da na jini ta ƙasa da ƙasa ta fito da sunan MGRS, musamman don a cire waɗannan mutane daga layin masu jiran gani.

Maman Tagwaye:
To ga maganata. Mu mun ga wannan tsakiyar da Likita yake faɗa, a kan maigidana. An ce mana ciwon ƙoda ne kawai, ba a ciri tsokar an duba ba, har ƙodojin suka tsaya aka shiga wanki. Ƙaninsa ya ba shi ƙoda, aka yi dashe, muka ce an gama. Ba a daɗe ba fitsari ya dawo da kumfa. Sai a lokacin aka ciri tsokar sabuwar ƙodar, aka ga furotin ɗin ne ya maƙale mata, shi ne kuma ya ci na farkon. Ƙoda aka canza, amma mai yin ɓarnar yana cikin ɓargo ba a taɓa shi ba. Yanzu yana kan allurar maganin ƙwayoyin ɓargon, ana lallaɓa ƙodar. Ummu Hafsa ƙanwata, ki gaya wa Yayanku allurar ciro tsokar nan ba ita ce abin tsoro ba.

Ummu Hafsa:
Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya Anti, ya saka wa ƙanin nasa da alheri. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Ɗalibar Likitanci:
Allah ya ƙara sauƙi Anti. Amma da izinin Likita, ina ganin kada mu bar Baban Amira shi kaɗai, domin akwai gaskiya a ɓangarensa. Furotin ɗin nan ba baƙon abu ba ne a jinin manya. A wani bincike da aka yi a gundumar Olmsted ta jihar Minnesota, wanda aka buga a 2006, an same shi a kashi 3.2 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 50, da kashi 5.3 na waɗanda suka kai 70. A baƙaƙen fata ya fi haka. An auna maza 'yan shekara 50 zuwa 74 a Accra ta Ghana, aka samu kusan kashi 6, wato kusan ninki biyu na takwarorinsu farare. A ɗaya gefen kuma ciwon ƙoda na suga da na hawan jini ya cika ko'ina a wannan shekarun. Ke nan dattijo zai iya samun abu biyun a lokaci guda ba tare da ɗaya ya jawo ɗaya ba. Idan duk mai furotin a jini da rauni a ƙoda za a ba shi kemo, za a cuci mutane da yawa.

Baban Amira:
Yauwa 'yata. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Ɗalibar Likitanci:
A'a Baba, ba duka ba. Maganata ta goyi bayanka a kan kada a ba da magani da ka. Ba ta goyi bayanka a kan ƙin ciro tsokar ba. Ai ita ce kaɗai za ta raba gardamar.

Likitan Ƙoda:
Ta gama magana. Babu gwajin jini ko na fitsari da zai tabbatar da MGRS. Sai an ga furotin ɗin da ido a cikin tsoka. Kuma likitan da ya ce sai ya duba kafin ya ba da magani, ai shi ne mai taka-tsantsan ɗin da kake nema, Malam.

Yadda ake yi: mutum zai kwanta rub da ciki, a kashe wurin da allura, a riƙa kallon ƙodar ta na'urar sikanin, a sa siririyar allura a ciro ɗan zare biyu ko uku na tsoka. Haɗarinsa zubar jini ne. Wasu sukan ga jini a fitsari ya wuce da kansa, kimanin 1 ko 2 cikin 100 kuma sukan buƙaci ƙarin jini. Shi ya sa ake daidaita hawan jini tukuna, a duba ƙarfin daskarewar jini, a dakatar da irin su asfirin bisa umarnin likita. Idan ƙodojin sun riga sun ƙanƙance sun zama tabo, ba a cika yi ba, domin babu abin da za a gani kuma babu abin da za a ceto. Wannan ma dalili ne na rashin jinkiri.

Abu ɗaya nake so ku tambaya kafin a yi: ina za a kai tsokar, kuma wane irin dubawa za a yi mata? Madubin lab na yau da kullum bai isa ba. Dole a yi mata rinin da ke haska nau'in furotin, wanda zai nuna ko samfuri ɗaya ne ya taru, kappa kaɗai ko lambda kaɗai, wato nau'i biyu na ƙananan sarƙoƙin da ke jikin furotin ɗin. In da hali a duba ta da madubin lantarki ma. Idan aka soki mutum aka kai tsokar inda ba a yin rinin nan, an sha wahalar banza.

Kawu Ɗanlami:
Ni ban yi boko mai nisa ba, amma tunda furotin ne ya yi yawa, me zai hana a rage masa abinci mai gina jiki a gani? Sannan akwai wani haɗin wanke ƙoda da na sani, ki yi min magana ta gefe.

Mai Gudanarwa:
Kawu, da girmanka, dokar zauren nan ba a tallan magani, ba a kuma jan mai neman taimako gefe. Rabin farko na tambayarka dai Likita zai amsa.

Likitan Ƙoda:
Kawu, wannan furotin ɓargo ne ke ƙera shi, ba daga abinci yake zuwa ba. Ko an hana mutum ci, ƙwayoyin za su ci gaba da aikinsu. Mai zubar da albumin a fitsari kuwa dama jikinsa a rame yake ta ciki, kumburi ne ke rufe ramar. Gishiri ne ake rage masa saboda kumburin. Haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba kuma, da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, su ne ke ƙarasa ƙodar da ta raunana. A nisanta Baba da su.

Ma'aikacin Lab:
Bari in sa baki ta ɓangarenmu, domin mu ake zagi idan sakamako ya rikice. Ɗan tsinken nan da ake tsomawa a fitsari ya canza launi, albumin yake gani. Furotin na garkuwar jiki yana da manyan sarƙoƙi biyu da ƙanana biyu, kuma sau da yawa ƙananan ne ke yawo su kaɗai suna ɓarna. Tsinken ba ya ganinsu sosai. Mutum zai iya cika fitsari da su, tsinke ya ce lafiya lau. Idan aka ga tsinke ya nuna kaɗan amma awon jimillar furotin na fitsari ya nuna da yawa, to a nemi ƙananan sarƙoƙi.

Abin ma tsoho ne. Tun 1845 aka kai wa wani likita a Landan, Henry Bence Jones, fitsarin wani mara lafiya mai ciwon ƙashi, ya ga idan an ɗumama shi wani abu yana daskarewa, idan ya tafasa ya narke, ya huce ya dawo. Sai a 1962 aka tabbatar ƙananan sarƙoƙin nan ne. Har yau da sunansa muke kiran su a fitsari.

Gwaje-gwajen da ake haɗawa uku ne: wanda ke baje furotin na jini da lantarki a ga ko akwai tsini guda a zanen sakamakon, alamar samfuri ɗaya ya yi yawa, wanda ke tantance nau'in tsinin, da awon ƙananan sarƙoƙi a jini. A na ukun nan mutane suke firgita a banza. Ƙoda ce ke fitar da sarƙoƙin, saboda haka duk mai raunin ƙoda za a ga kappa da lambda sun hau tare. Rabon da ke tsakaninsu ake dubawa. A mai lafiya daga 0.26 zuwa 1.65 ne, a mai raunin ƙoda an daɗe ana amfani da 0.37 zuwa 3.1. Haka mai ciwon hanta ko tarin fuka ko wata daɗaɗɗiyar cuta, furotin na garkuwarsa yakan hau gaba ɗaya, a faɗaɗe, ba tsini ba. Wannan ba shi muke magana a kai ba.

Ɗalibar Likitanci:
Yallaɓai, akwai kuma akasin haka, ko? Mun karanta wani nau'in MGRS da aka fara bayyanawa a 2004, PGNMID, wanda a kusan kashi 30 cikin 100 kawai ake ganin furotin ɗin a jini ko fitsari. Sauran jini fes, ɓargo fes, amma ga shi a ƙoda.

Ma'aikacin Lab:
Haka ne. Kuma yana cikin masu yawan dawowa bayan dashe. Ban ce shi ne na maigidan Maman Tagwaye ba, amma labarin ya yi kama.

Maman Tagwaye:
Sunan da ke kan takardarsa ke nan.

Ummu Hafsa:
Na karanta wa Yaya duka, ya yi shiru. Likita, ya ce in ƙara maka da wasu abubuwa ko suna da alaƙa. Baba yana da hawan jini a da, amma yanzu ya sauka da kansa har an cire masa magani, idan ya miƙe tsaye jiri yake ji. Tafin ƙafarsa yana masa kamar ana tsira allura. Kuma kwanan nan idan ya hau matakala sai ya tsaya ya huta.

Likitan Ƙoda:
Suna iya zama da alaƙa, kuma ina so ku faɗa wa likitansa su duka a zuwa na gaba, kada ku jira a tambaye ku. Idan numfashin ya ƙaru ko ya suma, asibiti kai tsaye.

Dalilina shi ne MGRS ba ciwo ɗaya ba ne, gungu ne, gwargwadon yadda furotin ya zauna a ƙoda. Wani yakan zauna kamar ƙura a jikin matatan. Wani yakan zama kamar ƙwayoyin gishiri a cikin bututun ƙoda, har a ga suga a fitsarin wanda ba shi da ciwon suga, ƙashinsa ya yi laushi saboda zubar fosfet. Wani yakan daskare idan jini ya yi sanyi. Wanda ya fi yawa a cikinsu kuwa shi ne wanda ƙananan sarƙoƙin ke lanƙwashewa su zama zaruruwa, ana ce masa amiloyid na AL, kuma galibi lambda ne. Shi wannan bai tsaya a ƙoda ba. Yana zama a zuciya ya sa ta yi tauri, a jijiyoyi ya kawo jiri da tsirar ƙafa, a harshe ya sa ya yi girma, wani ma a ga shatin jini a kewayen idonsa ba tare da ya bugu ba. Mai hawan jinin da jininsa ya sauka haka kawai, ga furotin na zuba, dole likita ya kawo shi a rai.

Idan shi ake zargi, abu biyu suna canzawa. Na farko, a duba zuciya da sikanin da gwajin jini na NT-proBNP da troponin, domin halin zuciya ne ke nuna irin maganin da jiki zai iya ɗauka. Na biyu, wannan zai yi wa Yayanku daɗi: ana iya fara neman amiloyid a kitsen fatar ciki da ƙaramar allura, ko a ɓargon da aka riga aka ɗiba. Ana sa masa wani jan rini mai suna Congo red, a duba da haske na musamman, idan ya koma kore to shi ne. Idan aka same shi a nan, sau da yawa ba sai an taɓa ƙoda ba. Idan ba a samu ba, hakan bai wanke shi ba, sai a koma ga ƙodar.

Baban Amira:
To ka gani. Ashe akwai hanyar da ba sai an soki ƙoda ba. Da ba a yi gardama ba da ba ta fito ba.

Likitan Ƙoda:
Ga amiloyid kaɗai, Malam. Sauran nau'o'in a ƙoda kawai ake ganinsu. Amma tunda kana son gardama, bari in ba ka makami na gaske. Ko an ga rinin ya koma kore, ba a gama ba, domin amiloyid iri-iri ne. Akwai na AA, wanda daɗaɗɗiyar cuta ke kawowa, irin tarin fuka ko ruɓar ƙashi ko ciwon gaɓɓai. Akwai na gado. Akwai na tsufa mai kama zuciya. Duk waɗannan kemo ba ya musu komai sai illa. A wani bincike da cibiyar amiloyid ta Landan ta buga a 2002, cikin mutum 350 da ake ɗauka na AL ne da su, kusan kashi 10 cikin 100 ashe na gado ne. Saboda haka tambayar da iyali za su yi kafin allurar farko ita ce: an tantance nau'in amiloyid ɗin, ko an ga furotin a jini ne aka haɗa lissafi?

Baban Amira:
Wannan ita ce magana. Amma har yanzu ba ka ce komai a kan wahalar maganin ba. Mun ga masu shan kemo.

Likitan Ƙoda:
Ba zan ce maka ruwan sanyi ba ne. Amma ba irin wanda ka gani ga masu kansar nono ko ta hanji ba ne. Ginshiƙinsa bortezomib, wanda aka fara amincewa da shi a Amurka a 2003. Allura ce a ƙarƙashin fata, galibi sau ɗaya a mako, mutum ya koma gida. Yana toshe hanyar da ƙwayar filasma ke zubar da gurɓataccen furotin ɗinta, sai ya taru a cikinta ya kashe ta. Abin da ya sa likitocin ƙoda ke son sa shi ne ba a rage shi saboda raunin ƙoda, har mai wanki ana ba shi. Ana haɗa shi da cyclophosphamide da dexamethasone. Daga baya aka ƙaro daratumumab. A gwajin da aka yi wa masu amiloyid na AL su 388, waɗanda aka ƙara musu shi kashi 53 cikin 100 furotin ɗin ya ɓace daga jininsu, waɗanda ba a ƙara musu ba kashi 18. A 2021 aka amince da shi don wannan ciwo. Idan kuma ƙwayoyin da ke ɓarnar ba na filasma ba ne, na limfosayit ne, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, rituximab ake nufa. Mai ƙarfi a jiki wani lokaci akan ɗebi ƙwayoyin ɓargonsa a ajiye, a ba shi magani mai ƙarfi, a mayar masa.

Illolin: bortezomib yana taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa, wanda ga mai tsirar ƙafa dama abin lura ne. Yana tayar da ƙurajen nan masu zafi da ke bin jijiya a gefe ɗaya na jiki, shi ya sa ake haɗa shi da acyclovir. Dexamethasone yana hau da suga, yana hana barci, yana ƙara kumburi. Garkuwar jiki tana raguwa. Kuma dole a auna ciwon hanta nau'in B kafin a fara, domin magungunan nan suna iya tayar da wanda ya kwanta. Akwai dattijon da idan aka auna, ƙodar ta riga ta tafi kuma babu wata gaɓa da ke cikin haɗari, sai a ga barin maganin ya fi. Wannan hukunci ne na likitan jini da na ƙoda tare da mai jikin.

Baban Amira:
To shi surukin nawa, jini kawai ake auna masa. Ban taɓa jin an ce ya kawo fitsari ba.

Ɗalibar Likitanci:
Ya kamata a haɗa, Baba. Kiretinin a jini, wanda ke nuna ƙarfin aikin ƙoda, da awon furotin a fitsari, duk lokacin da ya je. Ba su da wuya.

Maman Tagwaye:
Likita, ni tambayata ta gaba ce. Idan ƙodar nan ta ƙanin ta gaza, Allah ya kiyaye, za a iya sake dashe? Kuma yaranmu fa, su ma za su gada?

Likitan Ƙoda:
Ana iya sakewa, Hajiya, amma sai an fara kwantar da ƙwayoyin, an ga furotin ɗin ya ɓace ko ya yi ƙasa sosai ya zauna a haka. Inda ake ganinsa a jini, awon ƙananan sarƙoƙi ne ma'auni, kuma shi yake fara sauka. Furotin na fitsari yakan biyo baya da watanni, don haka kada a karaya idan kumfa ba ta tafi nan take ba. A irin na maigidanki da ba a cika ganinsa a jini ba, fitsari da kiretinin ake bi, wani lokaci a sake ciro tsoka.

Batun yara, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba gado ba ne irin na sikila. 'Yan uwa na jini suna da ɗan ƙarin yiwuwar samun MGUS fiye da sauran mutane, shi ya sa ɗan uwan da zai ba da ƙoda, musamman wanda ya manyanta, yana da kyau a auna shi tukuna. Yara ƙanana ba a bin su da gwaji.

Ma'aikacin Lab:
Ƙari ɗaya ga duk wanda za a sa wa daratumumab. Ku tabbata an tantance rukunin jininsa sosai kafin allurar farko, a ba shi kati ya riƙa yawo da shi. Maganin yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, sai gwajin dacewar jini ya riƙa nuna kamar babu jinin da ya dace da shi, har tsawon wata 6 bayan an daina. Idan ba a gaya mana ba, sai mu ɓata sa'o'i muna neman abin da babu, mara lafiya yana jira. Sannan shi kansa maganin furotin ne samfuri ɗaya, nau'in IgG kappa, yakan fito a gwaji kamar ɗan tsini. A rubuta mana sunansa a takardar gwajin.